Sunan da Na Kira a Bakin Ruwa

Bagwai, ran Laraba.

Zuwa ga Yaya Maimunat,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ciwon ƙafar? Mu nan ƙalau, gero ya fara fid da kai.

Na dawo daga Mambilla, amma da abin kunya na dawo. Kin san babban yaron nan, na wajen Inna, can yake koyarwa. Shi da matarsa Ummu Salma suka dage sai sun kai ni na ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Yaya, mu da muke jan guga har hannu ya yi kanta, ga ruwa yana zuba a banza, fari fat, ƙararsa ta fi ta injin niƙa! Tare da iyayen matar muka hau wani tudu inda ake hango shanu can ƙasa kamar tururuwa.

Sai ya matsa gaɓa don matar ta ɗauke shi bidiyo a waya. Dutsen da santsi, ƙafarsa ta zame.

Yaya, na kira sunansa. Ɗan fari fa! Da bakina, da ƙarfi, a gaban surukata da iyayenta. Na cafke rigarsa, na rungume shi ina kuka kamar wadda ba a yi wa tarbiyya ba. Ashe gwiwa kawai ya ƙuje, kuma wayar tana ta ɗauka. Yanzu abin ya iso Bagwai. Jiya a gidan suna maƙwabciyata Aina'u ta kwaikwayi muryata, mata har da riƙe ciki. Ko tuwon ban iya ci ba.

Ke yake jin nauyi. Don Allah ki sa shi ya goge abin nan.

Taki,
Furera.

Bagwai, ran Lahadi.

Yaya Maimunat,

Ina gaishe ki, ya jiki da jini? Takardarki ta iso ta hannun direba.

Kin ce ya ƙi gogewa. Kin ce ya gaya miki tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakina ba, har yana yaro ya ɗauka wani laifi ya yi mini. Wai yanzu kullum sai ya kunna ya saurara kafin ya tafi makaranta.

Na karanta a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Dariyar su Aina'u ba komai ba ce ashe. Yadda aka koya mana na yi, na kau da kai daga gare shi, mutane suna yabona, ban taɓa tambayar yadda shi yake ji ba. Sai da ya kusa faɗawa rami ya ji uwarsa ta kira shi. Wannan ce kunyar da ta hana ni sakewa.

Ki bar masa abinsa.

Jiya ya bugo waya. Na ɗauka da niyyar in faɗa, wallahi har na buɗe baki. Sai na ji kaina ina tambayarsa ya sanyin garin.

Ki gai da Malam, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Furera.