Kwanon da Ba Suna

Zuwa ga Katell, furen ƙayar bakin teku, mai kyau daga nesa, mai suka daga kusa. Tuffar ƙarshen kaka wadda ta ƙi faɗowa sai an hau. Hasken rana bayan yayyafin garinmu Kemper.

Gaisuwa daga mutumin da kika ce hannunsa kamar shebur ne. Hannun nan dai, ranki ya daɗe, shi ya fara da haƙar yumɓu a gonar mutane, shi ya gina tanderunsa bulo bayan bulo, ba gadon uba, ba takardar babbar makaranta. Yau duk wanda ya sha miya a unguwar nan, da wuya in ba a kwanona ya sha ba. To, a kwanonmu. Na san za ki gyara mini: ni ke ginawa, ke ke sa musu rai.

Kin tuna ranar da na ɗauki buroshinki na ce zane ba wani abu ba ne? Na zana a jikin kwano ɗan aljanin nan na tatsuniya mai rawa a gindin duwatsu, kika duba, kika sake dubawa, kika tambaye ni ko kwaɗon ba shi da lafiya ne. Na kai yatsa zan goge, kika buge mini hannu, kika ce ɗanyen farin ƙyallin da ake tsoma kwano a ciki ba ya mantuwa, abin da ya sha ya sha. Dariyarki a ranar, kamar ruwan kogin Odet a kan tsakuwa! Tun daga nan ban ƙara gina kwano mai kunnuwa daidai ba. Har Inna Soazig mai waina ta ce ko idona ya fara mutuwa, ko zuciyata ta tafi yawo.

Yanzu kuma na ji masu buga littattafai na Paris sun kira ki, ki je ki zana musu tatsuniyoyinmu. Ina suka san 'yan aljanu a Paris? Wa zai tsinko miki ganye daga daji da raɓarsa, ki duba ki zana? Wa za ki yi wa tsiya? Ba zan ce kada ki tafi ba, ni ba mai roƙo ba ne. Sai dai shagon ya yi mini faɗi tun ba ki tafi ba.

Ke kika rubuta sunan kowane jariri da kowace amarya ta garin nan a gefen kwano, yadda aka saba, kowa da nasa a kan tebur. Ni kaɗai nake shan kofi a kwanon da ba suna. Don haka na gina guda biyu daga curin yumɓu ɗaya, na tsoma su a farin ƙyalli, na ajiye a kan tagarki. Ɗaya na rubuta masa Katell da hannuna. Rubutun ya karkace kamar ya sha giyar tuffa, kuma ba ya goguwa, ke kika koya mini. Ɗayan yana nan fari fat.

Ranar Alhamis zan kunna wutar tanderu. In na tarar da sunana a kansa, tare za su shiga. In na tarar da shi fari, naki zai shiga shi kaɗai, ki tafi da shi Paris, su ga irin rubutun mutanen Kemper. Nawa kuwa zan bar shi ɗanye a tagar, ba mai taɓa shi, har ki dawo.

Naki har yumɓu ya ƙare a ƙasa,
Tangi

Af, sunana gajere ne, ba zai cinye miki shuɗin fentinki ba.