Gidajen Kwali na Kurciya

Zuwa ga ƙanena, Baban Kurciya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sassauta maka ciwon bayan nan da tsayuwar wurin aiki ta jawo maka, ya sa albarka a nemanka. Mu a nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta in ban da gwiwa, kuma har gobe in aka buga ƙofa da yamma sai ta ce a duba ko kai ne. Maigidana ya bar tuƙin dogon zango, cikin gari kawai yake yi yanzu, ya yi ƙiba har rigunansa sun fara ƙorafi. 'Yan biyun Auta sun fara tafiya, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, uwarsu ta rasa wanda za ta bi. An yi ruwa sosai bana, lemon da ka dasa a tsakar gida ya yi 'ya'ya har rassansa sun sunkuya.

Na ɗauki biro ne maimakon in kira ka, domin a waya kana saurin cewa to, to, ka kashe, maganar kuwa tana da tsawo. Maganar 'yarka ce, wadda ka bar mini amana tun tana aji ɗaya a jami'a. Na san abokin aikinka ne ya nuna maka bidiyon nan yana dariya, bai san 'yarka ba ce, na kuma san tun ranar ba ka ƙara ɗaga wayarta ba. Ban ga laifinka ba, uba ne kai. Amma ɗan guntu ka gani, ni kuwa a gabana aka yi sauran, shi ya sa nake so ka ji shi daga bakina.

A shekararsu ta ƙarshe ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwanan 'yan mata, aka daɗe ba ko ɗigo. Da abin ya ishe su sai suka ɗauki bokitansu suka nufi ofishin makaranta. Kurciya ta hau benci, ta kifa bokiti a ka kamar hula, tana ɗaga murya. Wani dattijo mai gadi ya zo ya ce ta sauko, ita kuma cikin zafin rai ta gaya masa maganar da ba a gaya wa sa'an kaka. Wani ya ɗauka da waya, wani ya yanke ya sa masa kiɗa, aka raɗa mata suna Sarauniyar Bokiti. Ta yi kuskure, ba na rufe mata wannan. Sai dai a zamaninmu in yaro ya yi wauta, unguwa ce take gani, ta yi tsegumi ta manta. Su nasu zamanin ba ya mantuwa.

Da ta gama karatun zanen gine-gine da sakamako mai kyau, ta shiga neman aiki. Wani babban kamfani ya kira ta, ni na guge mata kayan da za ta sa. Ta ba ni labari daga baya cewa wurin duk gilashi ne, ga sanyi kamar cikin firij, kuma sun yaba takardunta. Ana gab da tashi sai ɗaya daga cikinsu ya juyo da kwamfutarsa yana murmushi, ya tambaye ta ko ta zo da bokitinta. Ashe yanzu kafin a kira mutum sai an rubuta sunansa a intanet an ga abin da zai fito. Ta dawo gida ta cire takalmi ta ajiye a gefe, ta zauna a bakin gado da jakarta a cinya har aka kira magariba. Sauran wuraren ko amsa ba su ba ta ba. Ta roƙi waɗanda suka sa bidiyon su cire, wasu suka cire, amma an riga an kwafe shi ko'ina. Magana zarar bunu ce, ƙanena, in ta fita ba ta komawa.

Ta yi makonni ba ta son fita. Ina ɗinkina a falo, tana zaune a bakin taga tana kallon ruwan sama yana gangarowa daga kwano. Wata rana da la'asar ina ta fama da zare ya ƙi shiga allura, sai ta tambaye ni, in da za a gina mini ɗakin ɗinki yadda raina yake so, yaya zan so shi. Na ɗauka wasa ne, na ce ina son taga mai faɗi wadda haske zai shigo ta kafaɗata ta hagu, da wurin rataye yadi inda ƙura ba ta kaiwa, da ɗan benci na masu jiran kaya don su daina zaunar mini a kan tebur. Washegari ta kawo mini zane. Wallahi na daɗe ina kallonsa. Har inuwar keken ɗinkina ta zana a ƙasa, na ji kamar in na miƙa hannu zan taɓa labulen.

Daga nan abin ya bazu a layinmu. Da yamma mutane sukan zo su zauna su faɗa mata gidan da ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Nas ɗin nan ta gidan kusa da mu ta ce ita ɗaki take so wanda ƙarar titi ba ta shiga, domin da rana take barci. Mai gyaran takalmi ya ce a yi masa shago da bishiya a ƙofa. Inna ta ce nata kada a sa matakala ko ɗaya, kuma a yi kujera a inda za ta riƙa ganin mai shigowa tun daga nesa. Kurciya tana saurara, tana zanawa, sannan ta ɗauki tsofaffin kwalayen zarena ta yanka ta manna, ta tayar da gidan ɗan ƙarami kamar tafin hannu. Yanzu teburin cin abincinmu ya zama gari guda, a tabarma muke ci. In rana ta karkata ta shigo ta taga, inuwar gidajen takan kwanta a tsakaninsu kamar tituna na gaske, ni kuma sai in tsinci kaina na tsayar da keke, ina yawo a ciki da ido, ina shiga wannan lungu ina fita ta wancan, har wani lokaci ina jin kamar ana hira a bayan ƙananan tagogin. Kowane gida in ta gama sai ta ɗauki hotonsa ta sa a shafinta na intanet, da sunanta na gaskiya, ta rubuta layi biyu a kan mai gidan da abin da yake buri.

Akwai abin da ta yi ba tare da kowa ya sa ta ba. Ta koma makarantar ta nemi dattijon nan mai gadi, aka ce ya yi ritaya, ta bi kwatance har gidansa. Ta ce mini da ta durƙusa ta faɗi ko ita wace ce, sai ya yi dariya ya ce jikokinsa sun sha nuna masa kansa a waya, kuma ya yafe tun ranar. Ta tambaye shi gidan da yake so, ya ce shi ya gama da gidaje, amma in za ta iya ta zana wa wanda ya gaje shi ɗan ɗaki mai inuwa a bakin ƙofa, domin rana ta ci shi a wurin. Ta zana, ta sa a shafin, ta rubuta a ƙasa cewa wannan na mutumin da ta taɓa yi wa rashin kunya ne.

Makon jiya wata mata mai ƙaramin ofishin zanen gidaje ta kira ta. A saman wani kantin magani ofishin yake, matakalar ƙunci, tebura cike da takardu da kofunan shayi, fanka tana juyawa a hankali. Matar ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa ita ma ta rubuta sunanta kamar kowa, bokitin ta fara gani, amma a ƙasansa ta ga gidajen, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har shayinta ya huce. Ta tambaye ta ko ruwan ya dawo a lokacin, Kurciya ta ce ya dawo. Matar ta ce za ta gwada ta na 'yan watanni, albashin ba yawa, da sharaɗin in an je wurin gini harshe ya zauna a kubensa, domin magina ba sa son tsawa. Ranar Litinin za ta fara. Bidiyon yana nan bai tafi ba, mai yiwuwa ba zai taɓa tafiya ba, amma ta daina dubawa.

A tsakiyar teburin akwai fili guda da ta bari ba gida, ba ta yarda a ajiye ko kofi a wurin. Na tambaye ta na wane ne, ta ce naka ne. Na ce to me ya hana ta zanawa, ai ta san ubanta. Ta ce ta san abin da kake so a da, amma ba a zana wa mutum gida sai an ji daga bakinsa. Ta faɗi haka tana goge gam a yatsunta, ba ta ɗago ba. Ni dai ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi, yau ina roƙo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka kira ta kafin Litinin, ko faɗan ne ka yi mata, za ta ɗauka. In ka gama faɗan, ka gaya mata inda kake son tagarka ta kalla.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shafa man zafi a bayan nan. Maigidana da Auta da Yaya Babba duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Maman Yara da kyau, ka shafa mini kan Ɗan Lele da Gajere, ka ce Goggo tana nan tana jiran hotunansu. Allah ya tsare mana ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka, Goggon Kurciya