'Yan Ollerby Talatin da Takwas

Talata, 8 ga Maris, 1994

Littafin ya iso yau. Ɗan ƙarami ne, shuɗin bango, shafi sittin da huɗu. "Zuriyar Ollerby: Yawansu da Bazuwarsu, 1841 Zuwa Yau. Na Desmond Ollerby." Na Desmond! Mutumin da ko shekarar da aka haifi uwarsa sai ya bugo mini waya ya tambaya.

Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki. Tun ina bayan kanta a gidan waya na Fellthorpe nake rubuta duk wani Ollerby da ya gifta a bayan ambulan. Hutuna kaf a maƙabartu da ɗakunan ajiyar takardu ya ƙare. Bara Desmond ya zo da murmushinsa, wai in ara masa akwatunan zai sa a buga su da na'ura, "don kar asu ya cinye, Winnie, ai mu 'yan uwa ne." Na ba shi. Har shayi na dafa masa, na yanka kek.

Sunana yana shafin ƙarshe, wajen godiya, ƙasa da na yarinyar da ta buga masa.

Laraba, 9 ga Maris

Ashe jiya ban ga komai ba. Shafi na goma sha tara: "Ba a saka reshen Alice Ollerby ba, domin sunan ya zo musu ta wajen mace, ba ta hanyar aure ba." Alice kakata ce. Ta haifi babana Harold a 1898 ba miji, kowa ya sani, ba mu taɓa ɓoyewa ba. Wato babana shege ne, ni 'yar shege, don haka a goge mu daga aikin da na yi da hannuna.

Na buga masa waya. Ya ce, "Haba Winnie, kar ki ɗauke shi da zafi, ƙa'idar masana ce." Na ce masa masanin wane gari, kai da ka ƙare rayuwarka kana sayar da inshorar mota? Ya ce, "To ai shi ya sa ban gaya miki ba, na san halinki." Ya ajiye.

Zan rama, ko nawa zai ɗauke ni.

Lahadi, 13 ga Maris

Desmond ya zauna a layin gaba a coci. Fasto ya ɗaga littafin ya nuna wa jama'a. An yi tafi.

Alhamis, 24 ga Maris

An dawo da akwatunan, ɗaya ya jiƙe. Na zauna na gwada alƙalumansa da nawa. Ko waƙafi bai sauya ba, sai wuri ɗaya.

A ƙidayar jama'a ta 1841 mu sittin da uku ne, duk cikin mil goma daga hasumiyar cocin nan. A 1881 mun kai ɗari biyu da goma sha huɗu: masaƙun Leeds sun ja wasu, tashar jiragen ruwa ta Hull ta ja wasu, ramukan kwal na Durham sun haɗiye gida bakwai. Babban yaƙin farko ya ci maza goma sha ɗaya, tara daga ciki ba su bar ɗa ba. Daga nan sai raguwa. Mata suka yi ta haihuwar mata, su yi aure su bar sunan. Yanzu mu talatin da takwas ne a duk Birtaniya, sai gida ɗaya a Kanada da wata tsohuwa a New Zealand. Wata biyar na yi a laburaren Leeds ina bin littattafan lambobin waya na ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya kafin in sami wannan adadi. Idona na hagu bai koma daidai ba har yau.

Shi ya rubuta talatin da huɗu. Ya cire ni, da ƙanena Len, da 'ya'yan Len biyu. Iyakar lissafin da ya yi da kansa ke nan.

Asabar, 2 ga Afrilu

Peg, maƙwabciyata, ta ce in kai shi kotu. Na ce kotu ta yi masa sauƙi. Ta ce, "Ke Winnie, shekara sittin da bakwai, ki bar wa Allah mana." Na ce na bar masa sauran duniya, Desmond nawa ne.

Litinin, 11 ga Afrilu

Akwai abin da ya daɗe yana damuna. Joseph, kakan Desmond, wanda littafin ya kira "ginshiƙin gidan." A ƙidayar 1891 yana gonar Matthew da Hannah Ollerby, iyayen kakata Alice, an rubuta shi ɗa, shekara goma sha tara. Amma ban taɓa samun takardar baftismarsa ba, kuma a 1881 babu shi cikin 'ya'yan gidan. Da can na ce ƙila yana wajen dangi daren ƙidaya. Haka na yi masa uzuri shekara da shekaru.

Gobe motar ƙarfe takwas zuwa ɗakin ajiyar takardu na gunduma.

Juma'a, 22 ga Afrilu

Na kama shi!

Tafiya huɗu na yi. Laifina ne ma: duk shekarun nan masu sunan Ollerby kaɗai nake kwafa, in wuce sauran. Yau na karanta gidan Matthew na 1881 har ƙasa, na juya shafi. Layin farko: Joseph Crabb, ɗan riƙo, shekara tara. Na nemi rajistar gidan gajiyayyu, inda a da ake tara marasa galihu. Ga shi nan. Joseph Crabb, an tsince shi a ƙofar kasuwa, ba a san uwa ba, ba a san uba ba. An miƙa shi ga Misis Ollerby ta Fellthorpe a watan Nuwamba, 1877.

Ko ɗigo ɗaya na jinin Ollerby babu a jikin Desmond. Ni da ya kora, jinin Matthew ne a jijiyata. Shi kuwa Crabb ne. Desmond Crabb!

Na yi dariya har ma'aikaciyar ta zo ta ce, "Lafiya, Malama?" Na ce ban taɓa samun lafiya irin ta yau ba. Na sa ta yi mini kwafi arba'in.

A hanyar dawowa na sayi kifi da soyayyen dankali, na ci a tasha kamar yarinya.

Asabar, 7 ga Mayu

Taron zuriya na bana 18 ga Yuni ne, a zauren coci. Desmond zai yi jawabi ya sa hannu a littattafai. 'Yan Kanada ma za su zo.

Len ya ce in aika wa Desmond takardar a ambulan, ya ji kunyarsa shi kaɗai. "Yaya, mutumin nan matarsa ba ta shekara da rasuwa ba." Na ce shi da ya tashi goge Baba, a ambulan ya yi? Kwafi ɗari uku ya buga. Len ya ce to shi ba zai zo ba. Kar ya zo.

Talata, 31 ga Mayu

Na haɗu da Desmond a kantin burodi. Ya ce, "Winnie, za ki kawo kek ɗin nan naki ranar taro?" Na ce zan kawo abin da ya fi kek.

Juma'a, 17 ga Yuni

Na goge rigata mai ruwan toka. Na karanta jawabina sau shida a gaban madubi. Minti uku ne cif.

Asabar, 18 ga Yuni

An yi.

Mutum hamsin da wani abu, har da surukai. Na bari ya gama. Ya yi maganar "tsarkin zuriya" sau biyu, na ƙirga. Da ya ce ko akwai tambaya, na miƙe na ce ina da ƙarin bayani kan shafi na goma sha tara. Na raba takardun layi-layi, kamar yadda nake raba wasiƙu. Na karanta. Na ƙare da cewa, bisa ƙa'idar masana, ina roƙon Mista Crabb ya cire kansa da 'ya'yansa da jikokinsa, mutum goma sha biyu, daga bugu na gaba.

Kowa ya sunkuya kan takardarsa. Har ƙarar tukunyar shayi ana ji daga kicin.

Ya karanta takardar, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa. Ya ce, "Ban sani ba." Ba da ni yake ba. Sai ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar littattafan a kan tebur. 'Yarsa Gillian ta bi shi, a bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Kin ji daɗi yanzu, Anti Winnie?" Na ce sosai.

Na Kanadan ya tambaye ni ko wannan yana nufin shi ma ba Ollerby ba ne. Na ce kai lafiyarka ƙalau, ta wajen Durham ka fito.

Na ci kek yanka biyu. Na wani ne, ya bushe.

Lahadi, 19 ga Yuni

Kujerarsa a coci ba kowa. Da kyau.

Laraba, 29 ga Yuni

Peg ta ce ya daina zuwa wasan ƙwallon tsofaffi, wai madarar da ake kawo masa na kwana a ƙofarsa. Ban tambaye ta ba. Na ce shi ya fara.

Shi ya fara.

Talata, 5 ga Yuli

Gwaggo Edna ta aiko a kira ni gidan tsofaffi. Shekararta casa'in da uku, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Joseph, ƙanwar uban Desmond. Na tafi da shirin faɗa.

Tana ganina ta ce, "Zauna, 'yar Harold. An ce kin tono Crabb." Na ce na tono. Ta yi dariya har da tari. "Shekara talatin kina tono abin da da kin tambaye ni da na gaya miki kafin shayi ya huce. Babana bai taɓa ɓoyewa ba. Uban Desmond ne mai girman kai, shi ya binne zancen."

Ta ce Hannah ta rasa ɗanta na fari, shi ma Joseph, zazzaɓi. Bayan shekara ta taka mil tara da ƙafa zuwa gidan gajiyayyu ta ce a nuna mata yaran. Ta ji an kira wani Joseph, ta ce wannan.

Na tashi zan tafi, ta riƙe mini hannun riga. "Ban gama ba. Da Alice ta yi ciki, iyayen sun riga sun mutu. Dattawan coci suka zo gona suka ce a kai ta gidan gajiyayyu ta haihu a can, a bar jaririn. Babana ya tsaya a ƙofa ya ce, ni na san wurin nan, ƙanwata ba za ta kwana a ciki ba. Shi ya je ya yi wa Harold rajista, ya ce a rubuta Ollerby. Da ba don Crabb ba, ke da yanzu ban san sunan da za su laƙaba miki ba."

Na ce wannan bai wanke Desmond ba. Ta ce, "Wa ya ce ya wanke? Desmond jaki ne tun yana gajeren wando. Miƙo mini biskit."

Motar ta wuce ni a tasha ina tsaye ina kallonta.

Alhamis, 7 ga Yuli

Na ciro takardar haihuwar Baba. Sau ɗari na gan ta. Wanda ya kai rahoto: J. Ollerby, kawu. Rubutun a karkace, kamar na wanda ya koya da girma.

Alhamis, 4 ga Agusta

Na je gidan Desmond. Ba don komai ba, akwai kuskuren shekara a shafi na arba'in, kuma ba na son kuskure ya zauna a aikina.

Ya rame. Kwanuka sun taru. Littattafan suna cikin kwali a bakin ƙofa, wai ranar Litinin masu shara za su kwashe. Ya ce, "Kin zo ki ga Mista Crabb?" Na ce na zo in ga ɓarawo, sunansa bai dame ni ba. Ya ce, "Na ɗauka in na sa sunana a bango, zan zama wani abu bayan matata Jean ta rasu." Na ce da ka sayi kare.

Na gaya masa abin da Gwaggo Edna ta ce. Ya juya ya fuskanci taga. Na wanke kofi biyu, don ba zan sha shayi a cikin datti ba.

Sharuɗɗana: sabon bugu. Sunana a bango, ni kaɗai. Shafi na goma sha tara ya fita, Alice ta shiga. Ya miƙe a coci ya faɗa da bakinsa cewa aikina ne. Ya ce to, to, to. Sai ya ce, "Mu fa? Za ki cire mu?" Na ce za ku zauna, amma a zanen zuriya layin da ya sauko daga Hannah zuwa Joseph ɗigo-ɗigo zan yi shi, kowa ya gani. Nawa layi sosai. Ya ce ya yarda.

Bai ce in yafe masa ba. Da ya ce ma ba zan yafe ba.

Lahadi, 14 ga Agusta

Ya faɗa a coci. Muryarsa can ƙasa, na ce daga baya ba ma ji. Ya maimaita.

Laraba, 7 ga Satumba

Na gama babban zanen, kwana tara ina kai. Desmond ya zo ɗauka zai kai wa masu bugawa, ya kawo tumatir daga lambunsa, rabi ɗanye. Ya shimfiɗa takardar a tebur yana bi da yatsa, ya tsaya a kan Joseph. Ya ce, "Winnie, layin nan ba ɗigo-ɗigo ba ne."

Na ce alƙalamin ne ya zarce, kuma ba zan sake zana takarda guda saboda layi ɗaya ba. Ya buɗe baki, na ce ya naɗe ta da kyau kar ya ɓata mini gefe.

Tumatir ɗin na jera su a taga. Ƙila su nuna.