Na ce an gama, alhali allon baƙi ne

Malam Cha'ibu, don Allah ka taimake ni kafin Alhamis ta zo.

Ni sakatariya ce a wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta a nan Matameye. Mai lakwal ɗin kawuna ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Muna da tsohuwar kwamfuta, shekararta goma sha ɗaya, duk sunayen ɗalibai da makinsu da takardun haihuwarsu suna cikinta, cikin wata manhaja da ba ta aiki a sababbin na'urori. Da ta fara mutuwa tana farfaɗowa, Kawu ya sayo sabuwa daga Zinder. Ni da karambanina na koyi yadda ake kwafe tsohuwar ɗungurungum a zuba ta cikin sabuwa, ta zauna kamar 'yar haya a ɗakin wani.

Da nake shirya mata wurin, manhajar da ke saukar da 'yar hayar ta nuna mini zaɓi biyu na yadda za ta tashi, UEFI da BIOS. Na ga ta riga ta zaɓi UEFI da kanta, sai na ce ai ta fi ni sani. Kwafin ya kammala. Ban gwada ba, Kawu ya leƙo gaban malamai yana tambaya, na ce masa an gama.

Malam, da na kunna, baƙin allo na gani da wasu 'yan rubuce-rubuce. Na kunna ya fi sau ashirin. Shi kuwa Kawu har ya yi wa makarantar ƙauyen mahaifiyarsa a wajen Tsauni alkawarin tsohuwar, ya ce in goge ta tas, ranar Alhamis za a kai. Ga takardun 'yan jarrabawa ana nema wata mai zuwa. Tsoro nake ji ƙwarai. Ina tsoron in taɓa zaɓin nan kwafin ya lalace, ina tsoron in goge tsohuwar, kuma ban taɓa mayar wa Kawu magana ba tunda nake.

Mai Fargaba, Matameye

'Yata Mai Fargaba, kwantar da hankalinki, ba na jin wani abu ya ɓace.

Manhajar ba ta yi laifi ba. UEFI ta dace da na'urorin yanzu, shi ya sa aka sa ta a gaba, kuma in sabon tsari za ki girka, ita zan ce ki bari. Amma taki tsohuwa ce, da alama da BIOS aka girka ta, ba ta san wata hanyar tashi ba. Ki fara ajiye kwafi na biyu a wani faifai daban. Sannan ki kashe 'yar hayar, ki mayar da zaɓin kan BIOS, ki kunna. Canza shi ba ya goge komai. In ta tashi, kada ki tsaya murna: buɗe sunan ɗalibi na bana da na shekarar farko, ki buga takarda ɗaya ki riƙe a hannu.

Saura mai wuyar. Na san nauyin kawu, kuma na san alkawarin da aka yi wa dangin uwa ba ya tashi da sauƙi. Amma ko ta tashi ko ba ta tashi ba, kada ki goge tsohuwar sai sabuwa ta yi sati biyu tana aiki lafiya. Ki same shi yau, shi kaɗai, ki ce kin yi gaggawar cewa an gama. Zai iya yin faɗa, ki haƙura. Mutanen Tsauni za su iya jiran wata Alhamis ɗin. Yarinyar da takardar haihuwarta ta ɓace ana gab da jarrabawa kuwa, shekara guda za ta jira, kuma ba ita ta ce an gama ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa ki ga haske a allon.

Malam Cha'ibu