Kyamarar da Na Zaɓa Maka, Basiru

Assalamu alaikum. Zuwa ga ƙanina Basiru a Tiga, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da iyalinka. A nan shafin na rubuto maka inda kowa zai gani, tunda saƙon murya ba ka saurara sai ka ji akwai maganar kyamara a ciki. To ga maganar kyamara.

Basiru, karatu na zo yi Kuala Lumpur, amma ka mayar da ni dillaliya. Kullum na buɗe waya sai hoton wata sabuwa, wannan tana ɗaukar kifi kamar zai yi magana, waccan tana sauka mita sittin. Shekaranjiya ina gaban malamin da ke duba bincikena a jami'armu da ke Jalan Semarak, waya tana ta zuzu a jaka, na ɗauka wani abu ne ya sami Inna. Da na fito na duba, ashe wata baƙar kyamara ce ka gano.

Ranar Asabar na bar wanki na hau jirgin ƙasa daga unguwarmu Cheras, na je shagon masu kayan nutso. Ni da ko iyo ban iya ba, ga ni da hijabina a tsakanin rigunan roba. Mai shagon wani dattijon Basine ne mai haƙuri. Ya tambaye ni a wane teku za ka shiga, na ce dam ne. Ya tambayi kalar ruwan, na rasa yadda zan kwatanta, sai na nuna masa shayin madarar da ke kan teburinsa. Mutumin da komai ka tambaye shi sai ya ce "boleh", wato zai yiwu, ranar ya kasa faɗa. Ya ce a irin wannan ruwan ko fitila ka kunna, laka ce za ta dawo maka da hasken, ba za ka ga abin da ya wuce tsawon hannunka ba.

Sai ya nemi takardar shaidar ka koyi nutso. Me zan ce? In ce tukunyar iskar gwanjo ka sayo a hannun wani a Legas, kuma a bidiyo ka koya? Ya tambayi wanda kuke sauka tare, don su a nan ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Na ce kai kaɗai ne. Wallahi irin kallon da ya yi min, kamar ni ce zan tura ka.

Na san abin da kake nema. So kake ka sauka tsakiyar dam, inda ruwa ya cinye tsohon garinmu, ka ɗauko wa Inna hoton gidan mahaifinta. Niyya ce mai kyau, ban musa ba. Amma don Allah yi tunani, gidan ƙasa ne fa. Katangar gidanka da damina ɗaya take zubarwa, ita kuma wannan tun kafin a haife mu take jiƙe. Me kake zaton ta tsaya jira?

Abin da ya rage a can kututturan itatuwa ne da tsofaffin ragar masunta, kuma ka fi ni sani. Kana da shekara tara, ina riƙe da hannunka a bakin ruwa, ranar da Baba ya sauka ya kwance ragarsa da ta maƙale. Shi da kullum yake ce mana ruwa bai san gwani ba. Sai washegari aka fito da shi. Kai ka manta ko ka yi kamar ka manta, ni har yau ko gada zan haye ba na leƙa ƙasa.

Na kira Inna na tambaye ta ko ita ta sa ka. Ta ce ita ba ta aiki kowa ba, kuma tun ranar da ka shigo da tukunyar nan gida abinci ba ya mata daɗi. Ba za ta faɗa maka ba, kai ne ɗanta namiji ɗaya, tana jin nauyinka. Ni ba na ji.

Na saya maka kyamara. Ba mai mita sittin ɗin ba. Mai shagon ya jera min guda huɗu, na ce ya ba ni wadda ta fi kowacce raki. 'Yar ƙarama ce ruwan ɗorawa, iyakarta mita goma, ka wuce haka ruwa ya shige ta, ta mutu murus. Ya so ya haɗa min da gidan roba mai kauri da zai sa ta jure zurfi, na ce ya riƙe abinsa.

Da gangan na yi, don na san halinka. Kai ne babur ɗinka ya shekara biyu ledar kujera ba ta fita ba, wayarka ma a cikin safa take kwana. Ba ka tausayin ranka, Basiru, amma kana tausayin kayanka. To ga kaya na ba ka, ka lallaɓa shi. Ka ɗauki kifin bakin gaɓa, ka ɗauki 'ya'yanka suna wasan ruwa, ka turo min in nuna wa maƙwabtana. Sauran maganar koyo a hannun gwani da neman abokin sauka, tana nan, ban bar ta ba.

Ka yi fushi in ka ga dama, zan jure. Inna ba gidan mahaifinta take son gani ba, kai take son gani da la'asar kana ɗaure kwalekwale.

Allah Ya ji ƙan Baba, Ya sa ruwan nan ya zame masa shahada. Allah Ya tsare min kai, duk lokacin da ka sauka Ya fito da kai da ƙafafunka.

Yayarka mai faɗa,
Hauwa