Tauraro a Gurbin Harafi

Limawa, Dutse
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Iya? Allah ya sa shan maganin take yi, ba tura shi ƙarƙashin tabarma ba kamar yadda ta saba. Idan kin leƙa gidan su Marwa matar Fa'izu ki gaishe ta, Allah ya sauke ta lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, mahaifinmu Malam yana nan cikin ɗalibansa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Nata'ala direba alhali ga waya. Na san halin Iya, tun da ta zo Taura ba ta barin gefenki, waya na ƙara za ta matso ta ce a ƙara murya ta ji. Wannan maganar kuwa ba ta kunnenta ba ce tukuna.

Kin san rediyon nan tawa da ke da ɗan'uwanmu Fa'izu kuka laƙaba wa suna gyare. Ba ku yi ƙarya ba, ba ta waƙa ba ta labarai, sai wannan kukan. Amma idan na haɗa ta da kwamfuta, kukan yana komawa rubutu. Sanarwa ce da tashoshin bakin teku suke aika wa jiragen ruwa: ga hadari a wuri kaza, fitilar gaɓa kaza ta mutu, an ga gungume yana yawo a kula. Doguwar wayar da na ɗaura daga darbejiyar tsakar gida zuwa rufin makarantar Malam ita take kamo su, kuma sai rana ta faɗi suke isowa, don nisan ya yi yawa. Ni da ko kogin kirki ban taɓa tsallakawa ba, sai ga ni ina karanta iskar Masar da ta Tunis daga ɗakina. Sha'awa ce kawai. A duk Limawa ni kaɗai ne mai murna idan an ɗauke wuta, domin lantarki yana cika iska da hayaniya ya danne saƙon.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Fa'izu ya gaya wa Iya da matarsa cewa aikin gini yake yi a Libiya, kuma ya yi ɗin. Amma makon jiya ya turo min saƙon murya wai zai tsallaka teku zuwa Turai. Har yana dariya, yana cewa jirgin katako ne shuɗi, in saurare shi a gyarena. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa sai ya sauka. Na yi faɗa, na yi lallashi, na tuna masa cikin Marwa ya tsufa. Daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba.

Ranar Asabar tashar tsibirin Malta ta shigo tas. Ta ce akwai jirgin katako shuɗi cike da mutane, injinsa ya mutu a arewa da Libiya, duk jirgin da ke kusa ya duba. Washegari bayan isha ta sake magana a kansa, ta ce ya kife. Layin ƙarshe yana cikin fitowa aka kawo wuta, firjin maƙwabta da fankoki suka tashi gaba ɗaya. Idan kwamfuta ta kasa jin harafi, alamar tauraro take sawa a gurbinsa. Ga abin da ta rubuta, na kwafo miki yadda yake:

PERSONS NO* RESCUED

Ke ma kin yi makaranta, kin gani da idonki. In harafin W ne, an ceto mutanen. In T ne, ba a ceto su ba. Na yi ta jiran su maimaita, amma tun ranar damina ta hana, tsawa ce kawai take shigowa. Ban ma tabbatar jirgin su Fa'izu ba ne, shuɗin jirgi ba ɗaya ba ne a duniya.

Na gaya miki ne don kaina ya kasa ɗauka. Don Allah ki riƙe a cikinki, ki taya ni addu'a.

Ki gaida Iya, ki ce mata ina nan tafe.

Naki ƙane,
Abdurrahim

Limawa, Dutse
Ranar Litinin

Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Barkanmu da arziki, Allah ya raya mana yaron, ya ba Marwa lafiyar shayarwa. Malam ya yi murna ƙwarai, har ya sallami ɗalibai da wuri ranar.

Amma Yaya, raina a ɓace yake, kuma da ke nake. Me ya kai ki? Na ce ki riƙe, sai ga Iya ta kira ni tana kuka tana sa min albarka, wai rediyona ta ce an ceto Fa'izu. Ta ce ta sa an soya ƙosai an raba sadakar godiya, ta ce ashe gyaren nan da suke zagi alheri ne. Na riƙe waya, sai amin nake ta cewa kamar wawa. Na san dalilinki. Nata'ala ya gaya min Iya ta ga takardar, ta tsare ki da tambaya, ga jininta yana hawa, ga Marwa a kan gwiwa. Na san tausayi ne. Amma ni tauraro na aiko miki, ke kika mai da shi W.

Yanzu maganar ta zagaye Taura ta dawo Dutse. Jiya da hantsi ina shirin fita sai ga Inna Gaji mai koko a zaure, ta durƙusa, wai in duba mata ɗanta Ubaidullahi da ya tafi Aljeriya shekarun baya shiru. In duba mata, Yaya, kamar mai bugun ƙasa. Na ce mata abin nan ba ya faɗin sunan kowa, iska da jirage kawai ya sani. Ta ce ai ya faɗi na ɗan gidan Malam. Ta tashi tana share hawaye da gefen mayafi, ta tafi da yaƙinin rowa na yi mata. Bayanta wasu biyu sun zo.

Haka maganar ta kai kunnen Malam. Yau bayan la'asar ya kira ni ɗakin karatu, ya ce in kawo abin da na gani. Na nuna masa, na fassara. Kin san ba ya boko, amma ya daɗe yana kallon tauraron nan. Sai ya tambaye ni, idan ruwa ya ɗiga a allo ya shafe harafi, me yake sa ɗalibi ya yi? Na ce ya je wurin wanda ya haddace ya tambaya. Ya ce shi bai taɓa yarda yaro ya cike gurbi da abin da ransa yake so ba, ko da ɗigo ne. Ya ce tunda ni na ji daga Dutse, ai ba ni kaɗai ne mai kunne a duniya ba.

Gaskiyarsa ne, kuma na san da haka tun ranar farko. Muna da zaure a intanet na masu irin wannan saurare. Akwai wani tsoho a ƙasar Girka, tsohon ma'aikacin jirgi, wanda yake adana duk saƙon da ya shigo masa, kuma Malta a kusa da shi take. Mun saba, yakan yi mamakin yadda nake kamo tashoshinsu daga bakin hamada. Layi ɗaya zan rubuta masa. Tsoro ne ya hana ni. Muddin tauraron nan yana nan, ina iya cin abinci. Ina jin haushinki ne don kin yi abin da nake yi a zuciyata kullum, ke dai kin faɗa da baki.

Na rubuta masa ɗazu a gaban Malam. Kada ki ƙara wa Iya komai, kada kuma ki rage, sai kin ji daga gare ni.

Ki shafa min kan jariri. Ki yafe zafin da na yi.

Ƙanenki,
Abdurrahim

Limawa, Dutse
Ranar Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da mai jego da jariri. Idan Iya tana kusa, ki shiga ɗaki kafin ki ci gaba da karantawa.

Tsohon ya amsa. Ya turo saƙon cikakke, babu tauraro ko ɗaya. T ne. A ƙasa akwai wani layi da ni bai iso min ba sam, cewa an dakatar da nema. Ya tambaye ni me ya sa nake son wannan saƙon musamman.

Na so in riƙe cewa wataƙila wani jirgin ne. Amma jiya wani Muntaka, mutumin Ringim da suka yi gini tare, ya kira lambata daga Libiya. Fa'izu ne ya bar masa ita. Ya ce shi ya raka shi bakin ruwa, ya ga shigarsa, kuma shuɗin jirgi ɗaya ne ya tashi a ranar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na gaya wa Malam bayan azahar. Bai yi kuka ba. Ya ce game da Marwa babu mai sa ta takaba da bakinsa, wanda ya ɓace a ruwa hukuncinsa na alƙali ne, za a bi a hankali. Sai ya ce dama ya yi niyyar sa wa yaron sunan kakanmu, Malam Ɗan'inna, amma ya fasa. Fa'izu za a raɗa masa.

Na roƙe shi ya jinkirta, ko ya sa wani sunan a yi wa yaron laƙabi daga baya. Ya ce ba zai tsaya gaban jama'a ya yi addu'ar suna a kan ƙarya ba. Kin san shi in ya faɗa.

Yaya, kin san abin da wannan yake nufi. A gidanmu ba a sa wa ɗa sunan ubansa uban yana raye. Gobe da safe a wurin raɗin suna maroƙi zai ɗaga murya a ƙofar gidan su Marwa, mata suna ciki suna jiran su rangaɗa guɗa, Iya tana tsakiyarsu da sabon zaninta. Yana faɗin sunan kowa zai gane.

Kada mu bari ta ji daga bakin maroƙi. Malam zai taho da safe da jama'arsa. Ni ina aika wannan takarda zan nemi izini a wurin aiki, in biyo motar yamma. Ki ba ta maganinta da wuri, ki sa ta ci abinci, ki aika a kira mahaifiyar Marwa ta zo gidanki bayan magariba. Ba sai kin ce komai ba, ni zan faɗa. Ke dai ki zauna kusa da ita ta inda za ki iya riƙe ta.

Allah ya ba mu haƙuri.

Naki,
Abdurrahim