Ƙusar Bindigar Hammanjoda

Kwaja, ta Mubi,
14 ga Nuwamba, 1968.

Zuwa ga ɗana Vandi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Dorcas da jaririnku. Ubangiji ya tsare ka daga injinan masaƙar nan ta Kaduna, ya dawo mana da kai da yatsunka goma. Mu nan lafiya. Uwarka Salome tana fama da gwiwa da kuma ni, amma ta ce gwiwar ta fi sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji uku malamin Mishan ya gaji da ni.

Na rubuto ne don ka ji abin da na aikata daga bakina kafin 'yan mota su kawo maka shi da ƙari. Birai sun sauko daga dutse sun addabi dawarmu, sai na aro bindigar abokina Hammanjoda, makiyayin nan na bakin rafi. Ka san tun da aka fara yaƙi ba a wasa da maganar bindiga, aron ma laifi ne. Ya ba ni a ɓoye, ya ce lallai ta dawo ranar Lahadi, don Litinin zai kai ta Mubi a duba a sabunta masa takarda. In aka ga an taɓa ta, ko ta ƙi aiki, ƙwacewa za a yi, shi kuwa da ita yake kare garkensa daga kura.

Ranar Alhamis na ɗura mata albarushi na fita. Biran suka ƙi zuwa, ina jin an gaya musu. Da na dawo na ji kunamar bindigar tana da tauri, sai ubanka, wanda ko keke bai taɓa gyarawa ba, ya ce bari ya kwance ya sa mai. Kwancewa ba wuya. Wajen mayarwa ne wata 'yar ƙusa da ke riƙe kunamar ta shiga a karkace, ta tsaya rabi ciki rabi waje. Ba irin ƙusar ƙofa ba ce, ƙarfe ne aka naɗe kamar tabarma, da rami a tsakiya. Na ɗauko ƙusa mai tsini na sa a ramin na yi ta bugu da dutse. Ashe buɗa bakinta nake yi, duk bugu ɗaya tana ƙara kama wuri. Na zuba man gyaɗa, na yi addu'a, na ja da haƙori. Uwarka ta leƙo ta tambaya ko in kira Hammanjoda ne ko in kira fasto.

Kai ta Mubi gyara ba zai yiwu ba, don akwai shingen bincike a hanya. Asabar da safe na naɗe ta cikin zana na haura wurin Tizhe maƙeri. Ya duba ƙusar, ya dube ni, ya tambaya ko jaki ne ya tauna ta. Na ce wani ne. Ya ce wanin nan a hana shi riƙe ko cokali. Ya ce sai ƙarfen ya ji wuta zai saki. Ya cire ƙotar, ya ɗora gindin bututun a kan garwashi, ya ce in kama zuga-zugi.

Vandi, ina cikin zuga na tuna ban harba ta ranar Alhamis ba. Albarushin yana ciki, da ƙwayoyin ƙarfe shida da na dannaka da hannuna. Bakin bindigar yana kallon ƙofar rumfa, Liyatu matar Tizhe tana daka a daidai wurin, ta ba mu baya. Abin da zan gaya maka yanzu ban gaya wa uwarka ba: ban yi magana nan take ba. Kunya ta riƙe mini harshe, na ƙara zuga har sau uku ina tunanin yadda zan faɗa ba tare da an yi mini dariya ba. A na huɗu na yi ihu cewa a ɗure take. Tizhe bai nemi awartaki ba. Da tafin hannunsa na dama ya cafke bututun, ya juya bakin sama, ya tsoma shi cikin kwamin ruwa. Na ji ƙaurin fata. Liyatu ta waiwayo ta tambaya me ya faru.

Da ƙarfen ya huce muka kwashe jiƙaƙƙen albarushin. Tizhe ya naɗe hannunsa da tsumma, ya ba ni wani guntun ƙarfe mai lafaffen baki daidai faɗin ƙusar, ya ce in sa shi ta ɗaya gefen, in buga a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar suruki. Bugu uku ta faɗo. Ya sa na naɗa sabuwa yana faɗa mini yadda zan yi. Bindiga ta koma hannun mai ita ranar Lahadi, Litinin aka buga masa hatimi.

Amma hannun Tizhe ya kwaɓe, ba ya rufuwa. Ga girbi ya zo, laujuna sun fi talatin suna jiransa, kuma da masabar nan yake ciyar da gidansa. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na samu sauƙi. Don Allah ka tambayi masu magani a can ko akwai man ƙuna mai kyau, ka aiko ta hannun direban motar garin Uba.

Ka gai da Dorcas, da kawunka Ya'akubu, da Rufa'i maƙwabcinku. Lidiya da Margret suna gaishe ka. Ka ce wa jaririn kakansa ba zai zo Kirsimeti ba kamar yadda ya yi alkawari. Kullum da safe ina rumfar Tizhe, ni ne hannun damansa, shi yana nunawa ni ina bugu. Baffanninka suna gunaguni wai manomi ɗan gidanmu ba ya zama a maƙera, balle ya ci abinci ƙwarya ɗaya da maƙeri. Na ce su yi ta yi. Ba zan tashi daga wurin ba sai ranar da ya dunƙule hannun nan ya karɓi masabarsa da kansa.

Ni ne ubanka,
Ezekiya Kwaji.